Sharar Bara

A da can, tun unguwa ba ta san juji ba, akwai wani mai jaki da ke bin gida-gida yana kwasar shara da toka, ya kai gonarsa taki. In kaka ta yi, kowane gida ya sami damin gero.

Wata shekara ciwo ya kwantar da wata tsohuwa. Ba ta yi shara ba, ba ta tara toka ba. Kaka ta yi, tukunyarta wayam, sai ga jaki a ƙofarta.

Ta ce, "Wuce, ɗan nan, bana ban ba ka komai ba."

Ya sauke dami ya ce, "Inna, ai sharar bara ce ke aiki har yanzu."