Tsagar Ƙofar Inna Kande

Maliƙiya na tafe a kan daɓen siminti, tana sunsuna ƙasa kamar akuya mai neman ɓawo. Duk inda idonta ya hango tsaga sai ta hura mata iska mai zafi, ta ɗura baƙin danƙo, ta shafe sumul. Tanimu, mai kula da na'urar, na biye da ita, yana jan ƙafa, don yau layinsu za a bi.

A Birnin Tsandauri, can ƙuryar arewacin duniya inda mutanenmu suka yi ƙaura bayan zafi ya cinye garuruwansu, tsaga ba abin wasa ba ce. Ruwa ya shige ta, ya daskare, ya kumbura, ya ƙara buɗa ta. A ƙarƙashin daɓen kuwa bututun ɗumi ke ratsawa zuwa gidaje. Shi ya sa aka malale garin kaf da siminti, ko ƙasar cika cokali ba ka samu.

Sai tsaga guda, a ƙofar gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Kande, wadda idanunta suka tafi, ita ta gano ta da sanda. Ta zura yatsa, ta ji ƙasa ta gaske, ta fashe da kuka. Ta cusa irin yakuwar da ta ƙullo a bakin zane tun daga Ringim, ɗumin bututu ya raya shi. 'Yan ganye ne ba su taka kara sun karya ba, amma kullum da hantsi tana wurin tana shafa su, har hira take musu. Tun bara Tanimu ke karkatar da na'urar daga wajen. Bana kuwa tsagar ta buɗe har hannu na shiga.

Ya durƙusa gaban Inna Kande. "Inna, yau kam sai an liƙe."

"Haba Tanimu! Duk faɗin garin nan, wannan 'yar kafar ce ta tsone muku ido?"

"Bututun ne, Inna. In ya fashe, jaririn Talatu maƙwabciyarmu ba zai kai gobe ba."

Ta shafa ganyen, ta miƙa masa hannu. "To, ɗaga ni."

Ya so ya ciro yakuwar ya dasa a gwangwani, saiwar ta tsinke a ciki. Maliƙiya ta matso, ta hura, ta ɗura, ta shafe. Sannan ta yi shela da muryarta mai zaƙi: "An kammala. Babu sauran tsaga a birni."

Inna Kande ta lalubi wurin da tafin hannu. Sumul, da ɗan ɗuminsa.

"Aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka," ta ce, kuma da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. "Amma Tanimu, in tawa ta zo, a ina za ku haƙa mini?"

Ya san amsar. A gidan sanyi na hukuma ake jera mamata, akwatin ƙarfe bisa akwatin ƙarfe, bai kuma taɓa gaya mata ba. Hawaye ya daskare masa a gemu.

"Mu shiga ciki, Inna," ya ce. "Sanyi na ƙaruwa."