Tayar Baya ta Hagu

Da hantsi aka shigo da Ɗantani mai faci caji ofis na Doguwa, hannunsa na dama a karye, rigarsa jina-jina. Samarin ƙauye ne suka yi masa wannan aika-aika, har suka rantse sai sun ƙone rumfarsa.

Sufeto Mainasara ya zaunar da tsohon, ya juya ga wanda ya kawo ƙara. Sunusi ne, direban motar ƙungiyar manoma, irin mai shiga jeji ɗin nan. Jiya da la'asar ya ɗauko ƙanwarsa Luba tana naƙuda zai kai ta asibitin Tudun Wada. A tsakiyar daji tayar baya ta hagu ta kwanta, safaya kuwa ta daɗe da mutuwa. Kafin wata mota ta zo, Luba ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

"Ran Litinin ya yi mini facin tayar nan, ranka ya daɗe," in ji Sunusi, idonsa jawur. "Aikin banza ya yi. Shi ya kashe ta."

"Daga Litinin zuwa jiya ina ka je da motar?"

"Ko ƙofar gida ba ta bari ba."

Ɗantani bai kare kansa ba. Cewa kawai ya yi, "Yallaɓai, shekara talatin ina faci. In nawa ne ya buɗe, a ɗaure ni. Amma a duba tukuna."

Wannan magana ta tsaya wa Mainasara a rai. Shi dai bai taɓa ganin mai laifi yana roƙon a duba aikinsa ba.

An riga an jawo motar zuwa ƙofar gidan su Sunusi, inda ake zaman makoki. Can Sufeto ya nufa da su biyun. Ya sa aka ba tayar iska aka mayar da murfin bawul, aka kawo ruwan sabulu a bokiti. Tunda hannun tsohon ba ya moruwa, Sufeto da kansa ya naɗe hannun riga ya tsuguna.

"Fara da kan facin," in ji Ɗantani. "A hankali, kada ka yi garaje."

Sufeto ya shafa ruwan, suka zuba ido. Shiru kake ji, ko kumfa ɗaya.

"To bi bakin rim, ƙarfen tayar, ka zagaye shi kaf."

Nan ma babu komai. Sai dai yatsan Sufeto ya fito da wani abu daga lungun ƙarfen: farin yashi, mai laushi. Ya dubi hanyar ƙauyen, jan laka ce tun daga farko har ƙarshe. 

"Saura bawul, wurin ba da iska," in ji Ɗantani.

Ruwan na sauka a kan murfin, sai ga kumfa ƙanana suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Mainasara ya kwance murfin, ya karkaɗe shi a tafin hannunsa. Ƙwayar dawa guda ta faɗo.

"Innalillahi," in ji Ɗantani. "Aikin masu ɗiban yashi ne wannan. In za su shiga rafi sai su rage wa tayu iska don kada mota ta kafe. Maimakon su tsaya dannawa, sai su jefa dawa a murfi su ɗaure, ita ta danne musu. In an fito an mayar da iska, dole a karkaɗe kowane murfi. Wanda aka manta, haka zai yi ta tsiyaya a hankali har taya ta kwanta."

Sufeto ya miƙe. Ya leƙa bayan motar, an share shi tas, amma kusurwoyin cike suke da yashin nan.

"Sunusi, motar da ba ta bar ƙofar gida ba, a ina ta samo yashin rafi?"

"Wataƙila tsohon yashi ne..."

"Haba! Ruwan da aka tafka ran Talata bai wanke shi ba? Ka dube ni. Ka bari an karya hannun dattijon nan, kana tsaye kana kallo."

Sunusi ya zube a gindin tayar. Ya ce jiya da rana ya saci jiki ya yi sawu biyu na yashi, ƙungiya ba ta sani ba. Yana cikin mayar da murafe aka kira shi cewa Luba ba lafiya, ya ɗaura na ƙarshen a gurguje. Sai a daji, da ya ji tayar na huci ta wurin murfin, ya gane abin da ya yi.

"Na kasa faɗa, ranka ya daɗe. Da wane baki zan gaya wa Inna ni ne? Don Allah ku tafi da ni, amma kada ta ji."

Tausayi ya kama Mainasara, har ya ji aikin nasa ya fita masa a rai. Amma ya makara. Inna Balaraba, mahaifiyarsu, tana tsaye a bakin zaure da carbi a hannu, kuma babu abin da ya wuce kunnenta.

Ta tako a hankali, ta wuce ɗanta ko kallonsa ba ta yi ba. A gaban Ɗantani ta durƙusa.

"Malam, ka yafe mana. Jiya da bakina na tsine maka."

Tsohon ya fashe da kuka. Sufeto ya ɗago Sunusi, ya sa masa ankwa. Har suka kai mota yana waiwaye yana kiran "Inna, Inna," ita kuwa ba ta juyo ba.