Hukuncin Mai Agogo

"Ta taɓa dokin," ya ce a hankali. "Doka ce, shi za ta motsa."

Na ɗago na zuba masa ido, shi kuwa ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Wasan ƙarshe ne na gasar ces ta yara, wato darar Turawa, wadda ƙungiyarmu ke shiryawa duk shekara a ɗakin saman laburaren unguwa. Ni ke koyar da 'yan mata duk Asabar. Shi kuma mai gyaran agogo ne, shi muke sa wa alƙalancin wasa. Wata bakwai ke nan yana neman aurena.

Yarinyar da ya yanke wa hukuncin kuwa 'yar yayana ce, Shalele, shekararta goma sha ɗaya.

Ta motsa dokin, aka cinye mata sarauniya, wasa ya ƙare.

Ba ta yi kuka ba sai da muka shiga mota.

"Kin gani ko?" Yaya ya ce yana tuƙi. "Dama can ni bai kwanta min ba. Wanda bai iya kau da kai saboda 'yarmu ba, ke zai raga wa?"

Nima zuciyata tafasa take.

Sati biyu ban ɗaga wayar Mai Agogo ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Rabin raina, zan jira ki huce."

Na karanta ya fi sau ashirin... ban amsa ba.

Sai ga labari wai wata malama a ƙungiyarmu kullum tana shagonsa, agogonta lafiyayye amma ba ya rabo da gyara. Na ce ina ruwana. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Asabar ta uku, muna jera alluna a kan tebur, Shalele ta matso kusa da ni.

"Gwaggo, na taɓa dokin nan fa. Har ɗaga shi na yi."

"Na sani."

"To me ya sa kike fushi da shi? Da ya yi shiru na ci kofin gasar, ko kallonsa ba zan iya ba."

"Kin gaya wa babanki haka?"

"Na gaya masa. Ya ce in rufe masa baki, amma ya daɗe zaune yana tunani."

Ana tashi na wuce shagon. Agogai cike da bango, kowanne da nasa lokacin. Yana sunkuye, ƙaramin gilashi maƙale a idonsa. Da ya gan ni sai da ɗan ƙarfen hannunsa ya faɗi.

Ya rame.

"Ranar nan na san zan iya rasa ki," ya ce. "Amma yara arba'in ke kallona, kuma ke kika koya musu dokar."

Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur.

"Na rubuta zan ajiye alƙalancin. In shi ne zai raba mu..."

"Yaga ta."

"Masoyiya..."

"Na ce ka yaga. Ni ce ban kyauta ba. Sannan ka faɗa wa malamar nan agogonta ƙalau yake."

Ya yi dariya har da share ido.

Sati na zagayowa Yaya ya rako Shalele da kansa. Ya cusa jikinsa a kujerar yara, wai zai gwada wasan da ya hana gidansa zaman lafiya. Kafin shayinsa ya huce 'yarsa ta gama da shi.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yafito Mai Agogo.

"Ka turo manyanka ranar Lahadi," ya ce, bai ko ɗago ba. "Amma zauna tukuna, ka nuna min ta ina yarinyar nan ta biyo min."

Bayan wata uku aka ɗaura mana aure. Yaya kuwa har yau bai taɓa cinye Shalele a wasa ba, kuma ba ya fashin Asabar.