Awon Matakala

Da magariba Lorenzo Whitlock, baƙar fata mai zanen gine-gine, ya shiga tsohon gidan ƙungiyar ɗalibai maza na wata jami'a a jihar Bajiniya don auna matakalar da za a rushe. Ana hutu, amma ya tarar da wani dattijo Bature zaune a kanta, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Malam, ɗan matsa in auna."

"Yaro, irinku ta ƙofar kicin suke shigowa," in ji dattijon, muryarsa kamar daga ƙarƙashin daɓe. "Taɓa katako ɗaya ka gani."

Ran Lorenzo ya ɓaci. "Jami'a ce ta aiko ni."

Ya durƙusa ya miƙa tef ɗin awo. Ƙarfen tef ɗin ya ratsa ƙwaurin dattijon ya taɓa bango, bai ci karo da komai ba.