Sawu a Kan Toka

Akwai wata yarinya a Samaru, 'yar aji biyar. Tana son karatu, sai dai akwai ta da gaggawa. In ta fara littafi, kafin ta kai tsakiya ta rufe, ta ce ai ta gane.

Wata Juma'a, Malama Scholastica ta ara mata wani ɗan littafi. Wata tsohuwa ce a Sabon Gari ta rubuta shi, sunanta Mama Josephine. A ciki ta ba da labarin shekara talatin da ta yi tana kula da kyanwoyin unguwa, waɗanda ba su da mai su. Kullum da safe takan bi masu kifi ta karɓo musu kawuna. Ta san halin kowace ɗaya. Har wadda ta taɓa yagar ta a hannu ba ta kora ba.

"Ki karanta har ƙarshe fa," in ji Malama.

"To, Malama."

Yarinyar ta karanta shafi goma. Tsohuwar ta burge ta ƙwarai.

"Mama, kin ji mace!" ta ce wa mahaifiyarta. "Ko ana ruwa ba ta fashi. Ni ma haka zan zama."

Sai ta tura littafin ƙarƙashin filo.

Washegari aka aike ta niƙa. Tana dawowa ta ji wani siririn kuka a cikin wani kango. Ta leƙa. 'Ya'yan kyanwa ne guda uku a bayan bulo, ko ido ba su buɗe ba. Ta duba nan, ta duba can, ba uwa.

"Wayyo, an yar da ku!"

Ta kwashe su a ɗankwalinta ta kai gida. Ta zuba musu madara a murfin kwano. Ba su sha ba, don ba su iya lasa ba. Suka yi ta kuka har muryarsu ta fara dushewa. Ƙaramin cikinsu ma ya daina ɗaga kai.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu da zane.

"Ke, wa ya ce miki ba su da uwa?"

"Ban gan ta ba, Mama."

"Ni ba na zuwa kasuwa in bar ki? Sai wani ya zo ya ɗauke ki, ya ce an yar da ke?"

Sai Mama ta ƙara tambaya:

"Tsohuwar nan ta littafinki me ta ce a kan wannan?"

"Ban kai wurin ba," yarinyar ta ce a hankali.

Ta ruga ta ɗauko littafin. Ta yi ta buɗe shafuka. A shafi na ashirin da biyu ta samu. Mama Josephine ta rubuta: "Ni ma na taɓa wannan kuskuren, har yau ina tunawa. In ka ga jarirai su kaɗai, kada ka ɗauka. Wataƙila uwar ta je neman abinci ne. Ka barbaɗa toka kewaye da su, ka tafi. In ka dawo ka ga sawu, to, suna da uwa."

"Mama, za su mutu?"

"Ɗebo toka a murhu. Yi sauri."

Suka mayar da su bayan bulon nan. Yarinyar ta barbaɗa toka. Ta so ta tsaya gadi, Mama ta ja hannunta.

"In uwar tana ganin ki ba za ta zo ba."

Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Da yamma suka koma suna sanɗa. Ga sawu nan a kan toka, ƙanana, a jere kamar an buga hatimi. A bayan bulo wata ramammiyar kyanwa ce kwance. Duka ukun suna shan nono, har da ƙaramin, yana ture 'yan'uwansa.

Yarinyar ta toshe baki don kada ta yi ihu. Ta ajiye ruwa da kan kifi can nesa, suka juya.

Ran Litinin ta mayar da littafin.

"Kin gama?" in ji Malama.

"Sau biyu, Malama."

Ta ba ta labari duka. Malama ta yi murmushi ta ce, "Mama Josephine tana nan da rai. Ran Asabar sai in kai ki, ki faɗa mata da bakinki."

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara barin littafi a tsakiya ba. Ta gane cewa tausayi kaɗai bai isa ba. Wanda zai taimaka, sai ya fara koyon yadda ake yi.