Bangon da Nomau Ya Saita Fitila

Ku matso kusa. Wannan tocilan a kashe ta, labarin fitila ba ya son haske.

Kun san Nomau direba, mai akori-kurar da ke jigilar albasa, wanda idonsa na hagu ke kallon sama kamar mai duban wata? To ba haka aka haife shi ba. Da kansa ya je ya samo.

Nomau bai yarda da kowa ba. In ka yi masa sannu, sai ya laluba aljihu. Da ƙwayayen fitilarsa suka mutu, Ilu rewaya, mai gyaran wutar mota, ya ce ya kawo motar da magariba a sa sababbi, a saita hasken a jikin bango. Nomau ya ce a ransa, wato a ɓoye sabo a maƙala mini tsoho. Ya sa da kansa. Ƙwan hagu ya ƙi shiga gurbinsa, ya danna shi da ƙarfi.

Mota ta zama harara-garke. Fitilar dama na lasar kwalta, ta hagu na leƙen ganyen itatuwa. Duk direban da suka yi gaba da gaba sai ya watsa masa wuta, ya raka shi da daƙuwa. Nomau ya ce hassada ce.

Ran nan bayan isha'i, a hanyar dajin nan, wata tanka ta kusa jefa shi rami. Ya ce to, a gyara. Yana shan kwanar tsamiya sai ga bango a gefen hanya. Fari tas. Dogo. Shekara da shekaru yana bin hanyar, bai taɓa ganinsa ba. Ya ce 'yan siyasa ne, zaɓe ya matso.

Ya juya mota ta fuskanci bangon. Ya buɗe bonet, ya ɗauko sukundireba.

"Sannu da aiki, direba."

Wani ɗan tsoho ne, gajere, tsaye cikin hasken. Ba ƙarar tafiya, ba motsin ciyawa. Nomau ya dafe aljihu. Irin waɗannan 'yan fashi ke turowa.

"Yawwa, Baba. Daga ina?"

"Nan kusa. Sama kaɗan." Tsohon ya nuna fitilar da haɓa. "Bar kusar saitin nan tukuna. Ƙwan bai zauna ba. Ciro shi, ka sa kunnensa a tsagarsa. Kada yatsanka ya taɓa gilashin."

Nomau ya ƙanƙance ido. "Ilu ne ya turo ka?"

"Ba mu san Ilu ba. Kai muka sani. Ƙanwarmu na jego a kan tsamiyar can. Kullum fitilarka a idon jaririn. Ya bar barci, mu ma mun bari."

A kan tsamiya.

Nomau ya dubi bangon. Sai yanzu ya lura: tsohon na tsakanin fitila da bango, amma inuwarsa ba ta jikin bangon.

"In fitilar nan ba ta sauko yau ba," in ji tsohon a hankali, "idonka zai hau ya taya ta kallo."

Nomau ya kashe wuta, ya ciro ƙwan, ya zaunar da shi. Ƙas, ya shiga. Ya kunna. Ya sa sukundireba a kusar saiti.

"Ƙasa."

Ya murɗa.

"Ƙara."

Hasken ya fara gangarowa a jikin bango. Inda ya bi, Nomau ya ga zare. Ya ga layin ɗinki. Bangon ya ɗan kumbura, ya lafa. Ya kumbura, ya lafa. A gindinsa akwai wasu duwatsu jere da juna. Kowane dutse da farcensa.

"Hanzarta, direba," in ji tsohon. "Yaya ya gaji da tsayuwa."

Can sama, inda haske bai kai ba, bango ya yi gyaran murya.

"Saura rabin murɗa," in ji tsohon.

Rabin murɗa kacal, jama'a. Amma Nomau Nomau ne. Ya ce a ransa, so suke in sake cusa kai ƙarƙashin bonet su rufe da ni. Ya yar da sukundireba, ya buga bonet, ya faɗa mota. Addu'ar da ta zo bakinsa ta shiga banɗaki ce, ita ya ja har gida.

Da safe ya tarar da sukundirebansa a kan kujera, an goge shi tas, da ƙullin tsamiya a gefe. Ya kai motar wurin Ilu da magariba, ba gardama. Ilu ya haska bangon garejinsa, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi maka saitin nan? Ban taɓa ganin irinsa ba." Ya juyo, ya tsaya. "Nomau, ni kake kallo ko rufin kwano?"

Ashe sun ƙarasa rabin murɗar a fitila, sun mayar da ita a idonsa.

Don haka duk wanda ya girma ya yi mota a cikinku, bangon da bai gani da rana ba, kada ya haska shi da dare, balle shi kaɗai. In kuwa an ce masa saura kaɗan, ya ƙarasa.

Wa ke son zuwa bayan gida? Ga bango can, ku bi ta gefensa.