Tafiyar Gambo

A can wani gari, zamanin da akwatin talabijin ɗaya ne tal a unguwa, mai hoto baƙi da fari, an yi wata yarinya mai suna Tasalla. A gidansu akwatin yake. Kullum da yamma yara kan cika tabarma, su zuba wa wasan kwaikwayo ido har su manta da tuwo.

A ajinsu akwai Gambo, wanda cutar shan-inna ta shanye wa ƙafafu, yana tafiya da hannu da gwiwa. Wata rana a filin makaranta yara suka bi bayansa da rarrafe suna ta dariya. Gambo bai waiwaya ba. Tasalla kuwa ranta ya yi mummunan ɓaci.

Da yamma ta tare ƙofar zaure, ta ce, "Duk mai son kallo, ya shiga da irin tafiyar da ya yi da safe."

Kiɗan fara wasa ya tashi daga ciki. Yara suka dubi juna, suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, suka rarrafa kan tsakuwa, gwiwoyi na ƙujewa. Babu mai dariya.

Sai ga Gambo. Tasalla ta ce, "Shigo, Gambo. Yau na rama maka."

Ya dube su, ya dube ta, idonsa jawur. Ya ce, "Su sun mai da tafiyata abin dariya, ke kin mai da ita horo. Ni kuwa da ita nake zuwa makaranta."

Ya juya ya tafi. Bai waiwaya ba.